Imel mai sirri: tace saƙonnin shara da sauraron koken masu amfani, tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya bar Gmail ko Yahoo ya koma imel mai sirri, kafin ya cika wata guda abu biyu sukan fara damunsa. Na farko shi ne shara, ko dai ta shigo masa akwati, ko kuma saƙon da yake jira a jefa shi cikinta. Na biyu, wani abu da ya saba da shi a tsohon gida ya neme shi ya rasa, ya rubuta wa kamfani, shiru kamar an aiki bawa garinsu. A ganina tushen matsalolin nan ɗaya ne, wato alkawarin da kamfanin ya ɗauka cewa ba zai iya karanta saƙonka ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi.

Wai me ake nufi da imel mai sirri?

Ba abu ɗaya ba ne. Akwai masu kulle saƙon da mabuɗin da ke hannunka kai kaɗai, irin su Proton Mail, wanda wasu masana kimiyya da suka haɗu a cibiyar CERN suka buɗe a Jeniba ta Switzerland a 2014, da Tuta ta birnin Hanover a Jamus, wadda aka kafa a 2011 da sunan Tutanota kafin ta gajarta sunan a ƙarshen 2023. Akwai kuma waɗanda sirrinsu ya fi karkata ga cewa ba sa sayar da talla, kuɗinka ne abincinsu: Fastmail ta Melbourne a Ostareliya tun 1999, da Posteo da mailbox.org a Berlin. Fastmail ba ta ɓoye cewa kwamfutocinta na iya ganin abin da ke cikin saƙo ba. Ka riƙe wannan bambanci, domin kusan duk amsoshin da ke gaba a kansa suka rataya.

In har ba sa iya karanta saƙona, da me suke gane shara?

A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Saƙon da ya taso daga Gmail ko daga bankinka ba ya isowa a kulle da mabuɗinka. Hanyar da ya biyo ce kawai aka rufe, kamar wasiƙa a buɗe cikin motar gidan waya mai kwaɗo. Da ya iso bakin ƙofa, kwamfutar kamfanin takan duba shi na ɗan lokaci kaɗan: daga ina ya fito, wa ya aiko, me ke cikinsa, ina mahaɗan da ke ciki suke kaiwa. Sai ta yanke hukunci, sannan ta kulle shi da mabuɗinka ta ajiye. Daga wannan lokaci kamfanin ba ya iya komawa ya sake buɗewa.

Ke nan dama ɗaya tak mai gadin yake da ita. Gmail kuwa saƙonnin na nan a gabansa, zai iya waiwayar su, ya kwatanta na yau da na jiya, ya koya daga abin da jama'a suka yi da su.

Saƙon da ya tashi daga mai Proton zuwa wani mai Proton, ko mai Tuta zuwa mai Tuta, shi ko a bakin ƙofar ba a ganin cikinsa. Abin da ya rage wa kamfani shi ne alamomin waje: yaushe aka buɗe asusun, saƙo nawa yake turawa a awa, mutum nawa suka kai ƙararsa. Shi ya sa suke takura wa sabon asusu, su iyakance yawan saƙon da zai aika, su sa ka tabbatar kai mutum ne kafin su bar ka ka shiga.

To me ya sa shara ta fi samuna a nan fiye da lokacin da nake Gmail?

Ban da wancan dalili, akwai yawan jama'a. Tun a 2018 Google ta ce masu amfani da Gmail sun kai biliyan ɗaya da rabi. Proton, wadda ita ce babba a cikin masu sirri, a 2023 ta sanar da asusu miliyan 100 a duka ayyukanta. Idan ɗan damfara ya saki sabon saƙo, dubban masu Gmail za su danna masa alamar shara cikin mintuna, kafin ya kai gare ka an riga an san fuskarsa. A ƙaramin kamfani wataƙila kai ne na farko da ya gan shi.

Amma kada a ɗora wa kamfani duka laifin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na ga mutanen da suka buɗe sabon adireshi mai tsabta, suka sa tsohon akwatinsu na shekara goma sha biyar ya riƙa turo musu komai, sannan suka dawo suna kukan shara. Turowar nan kanta tana rikita mataci, saboda saƙon yana zuwa ne daga kwamfutocin babban kamfani mai mutunci, ba daga inda ainihin mai aikowa yake ba.

Ina yawan ganin SPF da DKIM da DMARC. Mene ne su?

Hanyoyi ne uku na tabbatar da cewa wanda ya ce shi ya aiko saƙo, shi ɗin ne. Tun asali imel ba shi da wannan kariya. An gina shi ne a zamanin da masu amfani da shi 'yan kaɗan ne da suka san juna, har ma saƙon talla na farko da ake ambata, wanda Gary Thuerk na kamfanin DEC ya aika wa mutum kusan 400 a 1978, ya zo wa jama'a da mamaki. Kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama a gurbin mai aikowa.

SPF jeri ne da mai sunan yanki, wato abin da ke bayan alamar @, yake wallafawa yana cewa ga kwamfutocin da na yarda su aika saƙo da sunana. DKIM hatimi ne da ake buga wa saƙo, in an taɓa shi a hanya hatimin ya ɓaci. DMARC kuma umarni ne daga mai sunan: idan saƙo ya zo da sunana ya faɗi waɗancan gwaje-gwaje, ku bar shi, ko ku jefa shi shara, ko ku ƙi karɓa sam.

Amfanin su ga imel mai sirri babba ne, don ba sa bukatar a karanta cikin saƙo. Daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka wajabta su ga masu aika saƙo da yawa. A wajen Google, duk mai tura saƙo 5,000 ko fiye a rana zuwa adiresoshin Gmail dole ya cika su, kuma ƙorafin shara a kansa kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari. Ƙananan kamfanoni sun ci gajiyar wannan doka ba tare da su suka kafa ta ba. Sai dai fa ɗan damfara ma yana iya sayen nasa sunan ya buga masa hatimi daidai. Hatimi yana nuna daga inda saƙo ya fito ne, ba ya shaidar halin mai shi.

Lambar da banki ya turo mini ta faɗa shara, wani lokaci ma ba ta zuwa. Me ke faruwa?

Faɗawa shara da rashin zuwa matsaloli ne daban.

Yawancin matatai maki suke bayarwa. SpamAssassin, wanda ya fito a 2001 kuma har yau ake amfani da shi, yana tara maki a kan kowace alama mai tayar da hankali, idan jimilla ta kai 5 sai ya ce shara ce, sai in mai kula da shi ya sauya iyakar. Rspamd, wanda ya fi shi sabunta, haka yake aiki. Saƙon banki ko na makaranta yakan tara maki ba da niyya ba: gajere ne, lamba ce da mahaɗi, yana cewa ka yi sauri, kuma sau da yawa wani kamfani na daban ne ke aikawa a madadinsu ba tare da an gyara SPF ba. Kamanninsa da na ɗan damfara kusan ɗaya ne, domin shi ɗan damfarar kwaikwayonsa yake yi. Magani shi ne ka ciro shi daga shara, ka sa adireshin a jerin waɗanda ka amince da su.

Rashin zuwa kuwa, wasu kamfanoni suna mayar da baƙon saƙo a karon farko su ce a dawo anjima. Kwamfutar gaskiya takan sake gwadawa bayan 'yan mintuna, ta 'yan shara sau da yawa ba ta dawowa. Dabara ce mai kyau, illa lambar da za ta mutu cikin minti biyar ba ta jure wannan jira. Wasu kuma, kamar Posteo da mailbox.org, sun daɗe da fifita ƙin karɓar shara tun a ƙofa maimakon tara ta a wani lungu. Hujjarsu ita ce mai aikowa na gaskiya zai samu sanarwa nan take cewa saƙonsa bai shiga ba, ya nemi wata hanya, maimakon ya zauna yana zaton ka gani alhali yana kwance inda ba ka leƙawa. Na fahimci hujjar, amma tana aiki ne idan mutum ne ya aiko. Na'urar banki ba ta karanta sanarwar kowa.

Ka riƙa leƙa akwatin shara ko sau ɗaya a mako. Gmail da Tuta, alal misali, suna share abin da ya kwana 30 a can.

Danna alamar shara yana da wani amfani, ko ɓata lokaci ne?

Yana da amfani, amma ka san abin da kake dannawa. Jefa saƙo cikin shara yawanci yana sa a riƙa kai saƙonnin wannan adireshin can a naka asusun. Kai rahoton damfara kuwa wani abu ne daban: kana buɗe saƙon ka miƙa wa ma'aikatan kamfanin su gani. Proton da Tuta duk sukan gaya maka haka kafin ka tabbatar. Ta wannan hanya ce kaɗai suke iya ganin saƙon da ya riga ya kulle, saboda haka rahotonka ya fi nauyi a nan fiye da a babban kamfani.

Abin da nake roƙon mutane su daina shi ne amfani da alamar shara don huce haushi. Jaridar da kai da kanka ka yi rajista, yanzu ka gaji da ita, ba shara ba ce. Saƙon mai binka bashi ma ba shara ba ne.

Saƙon da aka rubuta da Hausa, mataci yana gane shi kuwa?

Ba ya gane ma'ana a kowane harshe, ƙirga yake yi. Dabarar da Paul Graham ya yaɗa a 2002 ita ce a ciyar da na'ura tarin saƙonni masu kyau da tarin shara, ta lura da kalmomin da suka fi yawa a kowane ɓangare. Harshen da ba ta sha gani ba, ba ta da abin da za ta auna shi da shi, sai ta koma ga sauran alamomi. Wannan yana iya sa saƙon ƙanwarka ya tara maki a banza, yana kuma iya sa saƙon da ke cewa an toshe BVN ɗinka ka danna nan ya wuce lafiya, musamman in an gauraya Hausa da Turanci. Kuma ba sai an faɗa ba, tarihin wasiƙun 419 bai bar wa adiresoshin intanet na Najeriya suna mai kyau a wasu jerin baƙaƙen sunaye ba.

A nan ne ciro saƙon gaskiya daga shara da kai rahoton na damfara suka fi tasiri, tunda masu yin hakan da harshenmu kaɗan ne. Wanda ke karanta imel ɗinsa ta Thunderbird, wata manhajar karanta imel da ake sa wa a kwamfuta, yana da wata dama: matacin da ke cikinta a kan kwamfutarka yake koyo, daga saƙonninka kai kaɗai, ba ya aika komai waje. Bayan 'yan makonni yakan san kalmomin gidanku.

Saƙonnin da nake aikawa ne ke faɗawa shara a wurin mutane. Wasu shafuka ma sun ƙi karɓar adireshina.

Asusun kyauta da ba ya neman suna ko lambar waya yana jawo ɗan jarida da ɗan gwagwarmaya, yana kuma jawo ɓarawo. Wasu masu shafuka maimakon su tantance sai su yi wa kowa kuɗin goro, su sa sunan kamfanin gaba ɗaya cikin jerin adiresoshin wucin gadi. Ka sanar da kamfaninka sunan shafin, sukan bi irin wannan su nemi a cire su. Idan kana amfani da naka sunan yanki, fara duba ko ka saka SPF da DKIM da DMARC daidai, sau da yawa a nan gizo ke saƙar. Sunan da aka saya jiya kuma ba shi da tarihi, sai ya ɗan jima yana aika saƙonni kaɗan-kaɗan kafin a saba da shi.

In danna wurin cire suna da ke ƙasan saƙon talla?

In kamfani ne da ka sani, kuma ka tuna ka taɓa ba su adireshinka, danna. Dokoki na bayanka: CAN-SPAM ta Amurka tun 2003, GDPR ta Turai tun 2018, da dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 wadda ta ba ka damar ƙin tallan da ake turo maka kai tsaye. In kuwa ba ka san su ba, kada ka taɓa. Dannawar shaida ce cewa akwai mai rai a bayan adireshin. Haka ma hotunan da ke cikin saƙo: akwai ƙanana da ido ba ya gani waɗanda aikinsu kawai su sanar an buɗe. Tuta ba ta loda hotunan waje sai ka yarda, Proton kuma tana toshe irin waɗannan 'yan leƙen asiri.

Mece ce hanya mafi inganci ta rage shara?

Kada ka ba kowa ainihin adireshinka. Ba wani mataci da ya kai wannan.

Adireshin laƙabi shi ne ka ƙirƙiri wani adireshi na daban ga kowane shago ko shafi, duk suna zubawa cikin akwatinka ɗaya. Ranar da shara ta fara zuwa ta laƙabin da ka ba wani shago, ka san wanda ya sayar da kai ko aka yi wa kutse, sai ka kashe laƙabin kawai. SimpleLogin, wadda Proton ta saya a 2022, wannan ne aikinta. Apple na da irinsa, Firefox Relay da DuckDuckGo ma haka, Fastmail kuma ta gina nata a ciki. Akwai ƙaramar dabara ta ƙara alamar + da wata kalma bayan sunanka, tana taimakawa wajen rarraba saƙo, amma kowa na iya goge abin da ke bayan alamar ya samu adireshinka na gaskiya.

Gargaɗi ɗaya: banki da hukumar jarrabawa da duk inda za a iya tambayar ka adireshinka baki da baki bayan shekara uku, ka ba su wanda za ka iya tunawa.

Zan iya rubuta nawa dokokin tacewa?

Za ka iya. Akwai ma wani ɗan harshe da aka ƙirƙira don haka mai suna Sieve, wanda ma'anarsa rariya ce, kuma sunan ya dace. Proton da Fastmail suna karɓar sa. Kana iya cewa duk saƙon da ba sunanka ne a gurbin mai karɓa ba a kai shi wani babban fayil, ko duk wanda ya fito daga wani yanki a zubar. Ka fara da matsar da saƙo gefe, kada ka fara da sharewa, sai ka ga mako biyu dokar ba ta cinye na kirki ba. Ka kuma sani cewa a inda saƙo yake kulle, dokar ta fi aiki a kan mai aikowa da kan saƙo, wato takensa, da girmansa fiye da abin da ke ciki.

A ina ake kai buƙatar a ƙara wani abu?

Kowane kamfani da ƙofarsa. Proton ta daɗe tana tara buƙatu a UserVoice, inda mutum ke rubuta abin da yake so saura su jefa ƙuri'a. Tuta manhajarta a buɗe take a GitHub, ana iya ganin abin da ake aiki a kai da abin da aka jingine. Sashen taimako na masu matsala ne, ba a nan ake yanke shawarar abin da za a gina ba, ko da yake sukan ƙirga yawan masu tambayar abu ɗaya.

Buƙata ta tara dubban ƙuri'u, shekaru sun wuce, ba a yi ba. Ba a sauraronmu ke nan?

Wani lokaci gaskiya ba a saurara ba. Amma sau da yawa abin da ya yi kama da aikin yini ɗaya aikin shekara ne, kuma kullewar nan ce sila.

Ɗauki binciken kalma a cikin saƙonni. A Gmail kwamfutar kamfani ce ke bincika maka, cikin ƙiftawar ido. A Proton da Tuta kamfanin ba ya ganin kalmomin, don haka dole wayarka ko kwamfutarka ta sauke saƙonnin, ta buɗe su, ta gina nata fihirisin ta ajiye a kulle. Mai saƙo dubu hamsin da ƙaramar waya da data ta awo zai ji a jikinsa. Kuma sai an gina wannan sau da yawa: na burauza, na Android, na iPhone.

Ko ɗauki haɗa asusu da Outlook ko Thunderbird. Hanyar da aka saba, IMAP, ta ɗauka cewa kamfani na riƙe da saƙo a buɗe. Proton sai da ta ƙera wata manhaja mai suna Bridge a 2017, wadda ke zama a kwamfutarka tana buɗe saƙon kafin ta miƙa shi, kuma ta masu biya ce. Tura saƙo kai tsaye zuwa wani adireshi, abin da ko'ina yake kamar shan ruwa, bai zo Proton ba sai 2023. Kalanda, lambobin mutane, sanarwar sabon saƙo, kowanne da irin wannan labarin. Tuta a 2018 ta cire hanyar sanarwa ta Google daga manhajarta ta Android ta gina tata, don kada Google ta san lokacin da saƙo ya shigo maka. Aiki ne babba wanda mai amfani ba zai ga komai ya sauya a fuskar wayarsa ba.

Akwai kuma matsalar su wa ke jefa ƙuri'ar. Masu zuwa irin waɗannan wurare galibi ma'abota fasaha ne, masu kwamfutar da ke aiki da tsarin Linux, masu son a ba su iko a kan kowane maɓalli. Malamar makarantar da abin da take so shi ne manhajar ta buɗe da sauri a tsohuwar waya ba ta san wurin ba. Kamfani yana ganin su duka biyun, masu ƙuri'a suna ganin junansu ne kawai.

Duk da haka ba na wanke su. Inda suke kasawa shi ne bayani. A manna wa buƙata alamar ana dubawa a bar ta shekara biyar, wannan raini ne. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in kuma askin ba zai yiwu ba a fito a faɗa, a ba da dalili.

Akwai abubuwan da ba za su taɓa yi ba komai yawan masu nema?

Akwai, kuma gara ka san su kafin ka biya kuɗi. Tuta ta ƙi IMAP ta kuma ƙi PGP, wata sananniyar hanyar kulle saƙon imel, saboda tana so ta kulle har da kan saƙo, wanda PGP ke bari a buɗe. Proton ta zaɓi PGP don ta iya musayar saƙo a kulle da mutanen waje, farashin shi ne kan saƙo bai samu irin kariyar da cikinsa ya samu ba. Posteo ba ta yarda ka zo da naka sunan yanki, domin rajistar suna na ɗauke da bayanan mutum, ita kuwa ba ta son riƙe su. Taura biyu ba ta taunuwa.

Na kan gaba a jerin shi ne a dawo maka da tsofaffin saƙonni bayan ka manta kalmar sirri. In ba ka ajiye jimlar ceto ko fayil ɗin ceto da suka ba ka ranar farko ba, ba mai iya buɗewa, har su. Mutane na zagin sashen taimako a kan wannan kullum, alhali shi ne ainihin abin da suka saya.

Me ya sa suke fitar da abin da ba wanda ya nema, su bar wanda ake roƙo?

Wannan ƙorafi ya yi ƙarfi a Yulin 2024, lokacin da Proton ta fitar da Scribe, mai taya rubutu da ƙirƙirarriyar basira, sannan ta biyo da Wallet ta ajiyar Bitcoin, yayin da masu Linux ke ta jiran manhajar Drive ta ajiyar fayiloli. Kamfanin ya ce binciken ra'ayi da ya yi ya nuna ana son kayan ƙirƙirarriyar basira, kuma ƙungiyoyin ma'aikata daban ne ke kowane aiki. Akwai gaskiya a ciki. Akwai kuma gaskiyar da ba a cika faɗa ba: kamfanin da ba ya cin kuɗin talla sai ya nemo sabbin masu biya, musamman 'yan kasuwa, kuma sabon kaya ya fi jawo su fiye da gyaran tsoho. Ni dai na fi son a gyara rufin ɗaki kafin a ƙara bene, amma ba ni ke biyan albashi a ƙarshen wata ba.

Yaya zan rubuta buƙata ko ƙorafin da za a ɗauka da muhimmanci?

Fara bincika ko wani ya riga ka, ka ƙara ƙuri'arka a can. Buƙata ɗaya da ta rabu gida ashirin kowanne yana da rauni. Sannan ka faɗi matsalar, ba maganin da ka hango kaɗai ba. Wanda ya rubuta cewa yana da shago, shi da yaransa biyu suna amsa saƙon abokan ciniki, kuma sukan amsa wa mutum ɗaya sau biyu, ya ba injiniya abin aiki fiye da wanda ya ce a yi kamar yadda Gmail ta yi. Buƙata ɗaya a saƙo ɗaya. Ka ambaci irin wayarka da lambar fitowar manhajar.

In batun shara ne, hoton fuskar waya ba ya wadatarwa. Kowane saƙo na da bayanan kai da ke ɓoye, masu nuna kwamfutocin da ya ratsa da sakamakon SPF da DKIM. Akwai wurin nuna su a cikin zaɓuɓɓukan saƙon. Su za ka kwafa ka aika wa sashen taimako, amma kada ka liƙa su a bainar jama'a sai ka goge adireshinka.

Barazanar cewa za ka tashi ba ta cika aiki ba, sun ji ta sau dubu.

Mai asusun kyauta ana jin maganarsa?

Ana ji, amma a bayan layi yake. Masu biya ne ke ɗauke da shi. Inda mai kyauta ke da tasiri na gaske shi ne rahoton damfara, gwada sabuwar manhaja kafin a sake ta, da fassara, tunda Proton da Tuta duk suna dogara da 'yan sa-kai wajen juya manhajojinsu zuwa harsuna. Wanda ke son ganin maɓallan da Hausa, ta wannan ƙofa ya fi kusa da samu.

In na gaji da jira, tashi yana da sauƙi?

Ya danganta da shirin da ka yi tun farko. Kamfanoni na rufewa. Ladar Levison ya rufe kamfaninsa na imel mai sirri, Lavabit, a Agustan 2013 maimakon ya bar gwamnatin Amurka ta yi amfani da mabuɗansa, mutane suka wayi gari ba akwati. Skiff kuwa, wadda ita ma ta imel mai sirri ce, kamfanin Notion ne ya saye ta a Fabrairun 2024, aka ba masu amfani wa'adi su kwashe kayansu. Wanda adireshinsa ke ƙarewa da sunan kamfani sai ya bi banki da makaranta da 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya yana sanar da sabon adireshi. Wanda ya sayi nasa sunan yanki, 'yan layuka kawai zai sauya a wurin da ya yi rajista, saƙonni su koma sabon gida da adireshin da kowa ya sani.

Kafin ka biya kuɗin shekara, gwada fitar da saƙonninka ka ga ko suna fita a sigar da wata manhaja za ta karanta, irin MBOX ko EML, ka kuma duba ko sabon wurin yana karɓar su. Jerin waɗanda ka toshe da dokokin tacewarka ba sa bin ka da kansu, sai ka kwafe su a gefe. Tsohon asusun kuma ka bar shi a buɗe shekara guda ko fiye kana leƙawa, saboda akwai saƙonnin da sau ɗaya suke zuwa a shekara, kamar na sabunta rajistar sunan yankin kansa.